Jirgin da Bai Jira Ni Ba

Laraba, 14 ga Mayu, 2025

Ranar kasuwa. Tun bayan asuba ina kasuwar shanu, sai la'asar na samu na zauna. Layya ta matso, tirelolina duka sun samu lodi, har da tsohuwar nan da abokina Yaji yake cewa in sayar wa 'yan gwangwan. Ga ta can ta kama hanyar Legas da ƙafarta.

Ina tsakiyar rigima da 'yan kamasho Bilyamin ya kira. Ɗa namiji ɗaya da Allah ya ba ni, kuma auta. Na kai shi ya karanta inji don ya zo ya riƙe mini gareji, ya gama ya tafi ya zama mataimakin direban jirgin ƙasa tsakanin Kaduna da Abuja. Na haɗiye wannan, na ce ƙuruciya ce, zai gaji ya dawo. Yau kuma wai an zaɓe shi cikin waɗanda za a tura ƙasar Sin su koyi tuƙin jirgi mai gudun tsiya, irin wanda ko a hoto ba mu da shi a ƙasar nan. Shekara biyu. A watan Agusta za su tashi.

"Baba, ba zan sa ƙafa ba sai ka yarda ka sa mini albarka."

Na ce ina kan aiki. Na kashe wayar.

Ni da na bar aji uku a sakandaren Mamudo na hau bayan mota, na kwana ƙarƙashin tirela daga nan har Fatakwal, na tara abin da na tara da hannun nan biyu. Wa zan bar wa? Surukai?

Juma'a, 16 ga Mayu

Ashe matata Asta ta riga ni ji. Na lura, don ba ta tambaye ni komai ba, tuwo kawai ta sa aka ajiye mini ta koma ta kwanta. Ciwon bayan nata ne dai. Yanzu a zaune take sallah.

Talata, 20 ga Mayu

Magana ta fita. Ina isa majalisa a bakin gareji Yaji ya miƙe tsaye wai yana gaishe da "baban direban jirgi". Aka yi ta dariya. Ya ce ranar da aka jawo layin dogo zuwa Potiskum, shanu za su shiga tarago da yamma su wayi gari a Legas, mu kuma mu sayar da tireloli mu kafa teburin shayi, ni ina soya ƙwai shi yana wanke kofi.

Na ce ya je Buni Yadi ya ga layin da ake da shi, ciyawa ta cinye shi, awaki ke kwana a kai. Ƙasar da ba ta iya cike ramin kwalta ba ita za ta yi jirgi mai tashi kamar harsashi?

Na yi nasara a bakin mutane. Amma na dawo gida abin yana cina. Ɗana ne zai je ya koyo abin da zai kashe sana'ar ubansa.

Laraba, 28 ga Mayu

Basiru, babban direbana, ya gama lodi tun kafin azahar yana son tashi. Na ce a'a, akwai wani dillali daga Gadaka da ya yi mini waya yana hanya da bijimai huɗu. Aka jira shi har bayan la'asar. Wani ƙaramin ɗan kasuwa mai saniya biyu a ciki yana ta ƙunƙuni wai rana tana dukan dabbobinsa. Na ce ya yi haƙuri, shi ma wata rana za a jira shi.

Haka nake aiki tun ina da mota ɗaya. Motata ba ta barin mutum. In ka ce mini kana hanya, to kana hanya. Shi ya sa ake kawo mini lodi a bar wasu. Jira ai mutunci ne, wanda bai iya jiran mutum ba bai san darajar mutum ba.

Lahadi, 8 ga Yuni

Sallah ta wuce lafiya. Bilyamin ya zo, ya yi ƙiba kaɗan. Shi ya feɗe ragon uwarsa.

Jiya bayan magariba ya zo ya zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ya fito da waya ya ce in kalla. Jirgin na can ne. Fari, dogon hanci kamar kifi. Wai yana cin kilomita ɗari uku a awa, har ya wuce. Wani ya tsayar da kwabo a gefen taga, jirgi yana gudu, kwabon bai faɗi ba. Bilyamin ya ce da irinsa ne, mutum ya yi karin kumallo a Potiskum ya yi sallar walha a Kano.

Ban san lokacin da na ce, "To a wannan gudun ina burki?" ba. Sai ya hau bayani, idonsa yana ƙyalli, hannu yana tashi. Rabon da in ga ya yi mini magana haka tun yana ƙarami yana bina gareji. A kan tirela bai taɓa yi ba.

Na katse shi. Na ce in ya tafi wa zai riƙe motocin. Ya ce, "Baba, Basiru ya fi ni sanin su nesa ba kusa ba." Na ce Basiru ba ni na haife shi ba. Na ce amsata a'a ce.

Ya sunkuyar da kai. "To, Baba." Ya ce an ba su zuwa ƙarshen Yuli kowa ya tabbatar, in ban canja ba zai ce a ba wani.

Ba zan canja ba.

Litinin, 9 ga Yuni

Ya koma. Asta ba ta fito ba, wai baya.

Alhamis, 19 ga Yuni

Abin Asta ya wuce wasa. Ƙafar hagu ta fara mutuwa, in ta taka sai ta ce kamar a kan auduga. In ciwon ya taso mata Hausa ma ɓace mata take yi, sai Ngizimanci, tana kiran uwarta da ta rasu tun kafin a haifi 'yarmu Sadiya.

Likitan nan ya ce sai ƙwararren ƙashin baya, a Abuja. Ganinsa wuya, mutane wata da watanni suke bin layi. Bilyamin ne ya yi ta zarya ranakun hutunsa har ya samo mana Litinin, 30 ga wata, kafin azahar.

Shirin da suka yi shi da yayarsa Sadiya: mu je gidanta a Kaduna, Asta ta huta kwana biyu, ranar Litinin mu hau jirgin safe. Wai hanyar Abuja ana aiki, duk kwana-kwana ce da ramuka, bayanta ba zai ɗauka ba. Ni dai ban so ba. Ni da na ce a gaban mutane ƙafata ba za ta taka jirgin ƙasa ba. Amma na dubi yadda take juyawa a kan gado na amince.

Na gaya wa Yaji Kaduna zan je duba tayoyi.

Asabar, 28 ga Yuni, Kaduna

Mun iso. Basiru ne ya tuƙa ƙaramar motar, a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, duk da haka daga Wudil zuwa Zariya Asta cije mayafi ta yi. Ni da Abdulrahim mijin Sadiya muka ɗauke ta zuwa ɗaki.

Bilyamin ya yi waya. Shi ne a jirgin safen Litinin, ya nemi a sa shi don uwarsa. Sau uku yana cewa, "Baba, ku zo da wuri, don Allah ku zo da wuri." Na ce na ji, ni ba yau na fara tafiya ba.

Litinin, 30 ga Yuni

Ban san ta inda zan fara ba.

Mun shirya da wuri, wannan gaskiya ne. Asta ta sa atamfarta mai ruwan goro, wai kada ɗanta ya ji kunya a gaban abokan aikinsa. Muna shirin fita sai ga sallama. Alhaji Siddiq ne, wanda muka yi yaran mota tare, yanzu yana da gareji a Mararraba. Ya ji na shigo gari, ya tako tun daga can da kular farfesu da burodi. Mutumin da muka ci gari da ƙuli a kwano ɗaya. In ce masa me? Ajiye a nan, jirgi zan bi?

Muka zauna. Sadiya tana leƙowa tana nuna mini agogon hannunta. Abdulrahim ya ce, "Baba, lokaci fa." Na ce masa, a gaban Siddiq na faɗa, har ina dariya, "Ɗana ne ke jan jirgin. Zai tashi ya bar uwarsa ne?" Siddiq ya ce ai kuwa, in ba a jira Alhaji Muhammadu Lawan ba wa za a jira.

Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa. A tashar Potiskum in na ce ina zuwa, ko motar haya ce direba kashe inji yake yi.

Da muka kama hanyar tashar jirgin da ke Rigasa na kira Bilyamin in ce masa muna hanya. Bai ɗaga ba. Na sake. Na sake. Waya tana ta ƙara har ta yanke. Ga cunkoson Keke Napep kamar an zubo su daga buhu.

Muna isa an rufe ƙofar shiga. Na ce wa mai tsaron ƙofa ya je ya gaya wa direba baban Bilyamin ya iso. Ya dube ni, ba da raini ba, ya ce, "Alhaji, ka ji shi can." Sai na ji kukan jirgin. Ta cikin ƙarafan shinge na ga taragai suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ba ko gaggawa. Da gudu ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Asta tana jingine da Sadiya tana kallo. Hannu ta ɗaga masa, ga jirgin, kamar yaron zai gani.

Nan jinina ya hau. Na ce Basiru juya mota, ta hanya za mu bi, kuma sai mun riga shi shiga Abuja. Sadiya ta ce, "Baba, bayan Mama." Na daka mata tsawa. Na ce shekara nawa ina bin hanyar nan tun ba a haife ta ba.

Ba mu yi nisa da fita gari ba muka faɗa inda aka karkatar da hanya. Tireloli a jere, irin nawa, har da wata da na gane ta 'yan garinmu ce. Rami, tudu, rami. Duk faɗawar da mota ta yi sai Asta ta yi wani sauti da ban taɓa ji a bakinta ba. Can ta kamo hannun rigata ta baya, ta ce da Ngizimanci, "Alhaji, ka mai da ni. Na yafe likitan."

Basiru bai jira na ce ba ya juya. Ban hana shi ba.

Ta rasa ganin likita. Tana ɗaki, an yi mata allura. Bilyamin ya kira har sau nawa, ban ɗaga ba. Ya ji yadda ake ji.

Talata, 1 ga Yuli

Ban fita ba. Siddiq ya kira yana tambaya ko mun sauka lafiya. Na ce lafiya lau.

Yaron da ya ga kiran ubansa ya ƙi ɗagawa. Wannan shi ne aikin da yake so in sa wa albarka.

Laraba, 2 ga Yuli

Sadiya ta kawo mini shayi ta ƙi tafiya. Halin uwarta ne da ita, sai dai ita tana magana. Ta ce ba a barinsu su riƙe waya a kan aiki, a akwati suke kulle ta kafin su hau. Ta ce ya yi ta leƙen dandamali har aka ba da hannu a tashi, kuma ba shi ke da ikon tsayarwa ba, ko babban direban ma ba shi da shi. Ta ce suna isa Abuja bai ko cire kayan aiki ba ya hau acaba zuwa asibitin, ya tsaya a ƙofar likitan har aka tashi, ya roƙa. An ba mu gobe Alhamis, wani ne ya fasa.

Na ce, wa ya tambaye ta?

Da la'asar ya zo da kansa. Ya fara shiga wajen uwarsa, na ji tana cewa, "Auta, ka ci abinci kuwa?" Ita da aka bari a tasha. Sannan ya zo ya durƙusa a gabana. Na shirya maganganu tun shekaranjiya, da yawa. Ya riga ni.

"Baba, ka yafe mini. Na ga babu ku, na ji kamar in diro."

Na ce to me ya hana.

"Ɗaruruwan mutane ne a bayana, Baba. Kowa da inda za shi."

Idonsa ya yi ja. Na dubi hannunsa, duk baƙin mai a ƙarƙashin farce, irin nawa sak lokacin ina shekarunsa. Abin da na iya cewa kawai, gobe ƙarfe nawa.

Alhamis, 3 ga Yuli, Abuja

Mu muka fara isa tashar, ko masu shara ba su gama ba. Sadiya tana ta danne dariya, na yi kamar ban gani ba.

To, na hau. Zan rubuta yadda na gani, ba ƙari.

Sanyi a ciki. Kujera mai laushi, Asta ta samu ta miƙe ƙafar. Da ya tashi ban ma sani ba, sai da na ga ginin tasha yana ja da baya. Na sa kunne ina sauraron injin, don ni da kunne nake sanin lafiyar mota. Babu canjin giya, babu tari. Wani daddaɗan kaɗa-kaɗa ne kawai a ƙarƙashin ƙafa. Gonaki sun yi kore shar, masara ta kai gwiwa, Fulani da shanunsu suna tsaye suna kallonmu. A wani wuri na hango hanyar mota can nesa, tireloli a tsaye cak. Na kau da kai.

Kusa da ni wani tsoho ne da jakar leda a cinya, ɗan Kauru, mai wankin ƙoda. Sau biyu a mako yake wannan tafiyar. Mai surutu. Ya ce in ya makara aka ba wani injin, shi ke nan sai ya kumbura kafin wani zuwan. Ya ce abin da yake so da jirgin nan, ba ruwansa da babban mutum. "Ranar Litinin ma an ce wani Alhaji ya zo yana faɗa a ƙofa wai a tsayar masa. Da an tsaya ai da na shiga uku." Ya yi dariya har da tari.

Na ce Allah ya ba shi lafiya. Na ba shi goro, ya ce an hana shi.

Ban san me ya kawo mini mai saniya biyun nan na kasuwa a rai ba. Ko sunansa ban tambaya ba.

Na juya in yi wa Asta magana sai na ga ta yi barci. Baki a ɗan buɗe, kai a kafaɗar Sadiya. Matar da ta yi wata biyu ba ta yi barcin kirki a kan katifa ba. Na zauna ina kallonta har tashar Kubwa, bakin Abuja.

Da muka sauka na ce bari in ga kan jirgin, don in san irin injin kawai. Yana can sama a taga da hularsa, yana magana da babban direban. Ya gan mu. Bai sauko ba, ba a sauka sai an gama abin da ake yi. Hannu ya ɗora a ƙirji ya rusuna daga can. Wani ma'aikaci ya ce in matsa baya daga bakin layi. Na ce masa ɗana ne wancan. Ya ce to, amma dai in matsa.

Na matsa.

Asabar, 5 ga Yuli

Alhamdu lillahi. Likita ya ce ba sai an yi aiki ba tukuna, an zo a kan gaɓa. Da an ƙara jinkiri, in ji shi, da ƙafar ta tafi. Allurai, ɗamarar baya, da motsa jiki da za a koya mata. Za mu riƙa dawowa.

"Da an ƙara jinkiri." Bai san da wa yake ba.

Laraba, 16 ga Yuli, Potiskum

Siddiq bakinsa ba ya riƙe magana, labari ya riga ni isowa. Yaji ya tare ni tun daga bakin kasuwa: "Ina tayoyin? Ko jirgi ya tafi da su?" Wai yanzu sunana Alhaji A-Tsayar-Mini. Na ce ya ci gaba, ranar da bayansa ya kama shi zan ɗora shi a bayan tsohuwar tirelata in kai shi Abuja kyauta.

Ya tambaye ni a gefe, da gaske babu girgiza? Na ce akwai kaɗan. Kuma ai wannan ba komai ba ne, na ce, na ƙasar Sin ya ninka shi sau biyu ko uku, kwabo ma ba ya faɗuwa. Yaji ya dube ni ya ce, "Kai kuma a ina ka sani?"

Asta ta taka daga ɗaki zuwa bakin rijiya ba sanda.

Lahadi, 27 ga Yuli

Sadiya ta yi waya. Wai gobe Bilyamin zai shiga ofis ya ce a ba wani gurbinsa. Bai gaya wa uwarsa ba don kada ta yi kuka.

Na zaga tsakar gida. Na je gareji, ba abin da na je yi, na tarar da Basiru ya kwance giyar wata mota shi da makanikai, ya riga ya gano ciwon tun kafin in buɗe baki. Na dawo. Asta tana tsintar shinkafa a tire, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Alhaji, kai ma fa babanka gona ya so ka riƙe." Na ce wannan daban. Ta ce to.

Na kira shi.

"Wa ya ce ka cire sunanka?"

"Kai ka ce a'a, Baba."

"Na ce a'a. Na ce ka cire suna?"

Ina jin numfashinsa. Na ce ya bar sunan inda yake tukuna, ina tunani. Ya ce, "Baba, gobe ne ƙarshe, in na bari ya zauna ke nan." Na ce ni dai na faɗi abin da zan faɗa, kuma katina yana ƙarewa.

Litinin, 11 ga Agusta

Ya zo sallama tun Juma'a, yau ya tafi. Daga nan Kano, daga Kano Abuja, gobe su tashi.

Gida ya cika tun safe. 'Yan'uwan Asta daga Yindiski, mutanen gareji, limamin unguwa, Yaji da babbar rigarsa kamar shi ne uban. Kowa da nasihar da zai yi, kowa da addu'arsa. Goggonsa Yagana ta aiko wai tana hanya daga Mamudo da yajin daddawa, kada a bar shi ya tafi sai ta zo. Yaron yana durƙushe yana amsa "amin, amin", yana satar kallon agogo.

Na miƙe. Na ce jama'a an gode, addu'a ta isa haka, sauran a bi shi da ita. Yaji ya ce, "Haba Alhaji, Yagana fa tana hanya." Na ce ta iso ta same ni, ni ina nan. Na ɗauki jakarsa da kaina na sa a but.

A bakin mota ya durƙusa. Na ɗora hannu a kansa. Gashin nan mai tauri, irin na uwarsa. Na yi niyyar in ce abubuwa, a kan sallah, a kan abinci, a kan kada ya manta gida. Na ce, "Allah ya yi maka albarka. Tashi ku tafi."

Basiru ya ja mota. Na shiga gareji na rufe ƙofa, akwai wani fanbel da nake nema.

Yagana ta iso bayan azahar. Ta zage ni tas, yaya ce, na sha. Yajin yana nan.

Alhamis, 14 ga Agusta

Ruwa tun safe. Ba lodi.

Ni har yanzu ban ce abin nan zai zo Potiskum ba. Ko ya zo, ba a zamanina ba, kuma saniya ba ta san tikiti ba. Shekara biyu ce, zai dawo, garejin yana nan. Na gaya wa Yaji haka.

Ya sauka lafiya, ya turo wa uwarsa hoto a wata tasha mai rufin gilashi, ya yi ƙanƙane a ciki. Jakar da na saya masa ce a kafaɗarsa. Ban ga ya sa rigar sanyi ba.

Na kira Sadiya na tambaye ta yanzu ƙarfe nawa ne a can, dare ne ko rana, kuma yaushe suke tashi daga aiki, kada mutum ya kira waya tana akwati.

Don Asta na tambaya.